Ranar da Luba Ta Sauke Karatu

A shekarun nan da kuɗin fetur ya hau wa gwamnati kai, duk ma'aikacin da ya ɗan taka wani matsayi sai an tura shi Ingila kwas. In ya iya aikinsa a tura shi ya ƙaro sani, in bai iya ba a tura shi don ofis ya huta. Malam Zailani yana cikin kashi na biyu, sai dai bai sani ba, kuma ba wanda ya ga amfanin gaya masa. Aka ba shi shekara biyu a wata makaranta da ke Aldwych ya koyo tafiyar da mulki, aka ce ya tafi da iyalinsa, gwamnati ta ɗauki nauyi. Yaransu biyu aka bar su Kano wajen mahaifiyarsa, wai kada sanyi ya lalata musu ƙirji. Matarsa Luba kuwa, da yake ba a tambayi lafiyar nata ƙirjin ba, aka ɗauko ta aka ajiye a wani flat hawa na uku a Edmonton.

Wata huɗu ta yi tana zaman jiran yamma. Ya fita da safe da jaka da laima, ta share ɗakin da ba wanda ya taka, ta tuƙa tuwon garin shinkafa, ta dawo bakin taga tana kallon jajayen bas suna wucewa. In ya dawo ya ci, ya ce sannu, ya buɗe jarida. Ba ya zagi, ba ya duka, ba ya hana ta komai. Kallonta ne kawai ba ya yi, wannan kuwa ba laifi ba ne da mace za ta kai ƙara gaban iyaye.

A ƙasansu akwai wata ma'aikaciyar jinya 'yar Jos, sunanta Kaneng, mace mai dariya da ƙarfi. Ita ta tare Luba a matakala wata rana, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Ke, a asibitinmu masu irin fuskar nan muna ba su gado. Sa mayafinki, ranar Talata zan kai ki wani wuri."

Wurin wata makarantar manya ce ta council, wato hukumar unguwa, inda ake koyar da ɗinki da buga tafireta da girki da duk abin da zai fitar da mutum daga ɗaki. Sai an sa hannun miji ko na wani babba a takarda. Luba ta kawo masa da safe yana ɗaure wuyan riga a gaban madubi.

"Malam, Sista Kaneng ce ta ce ko zan riƙa bin ta kwaleji."

"Kwaleji?" Ya juyo, karo na farko a makon nan. Dama abin yana cinsa: matar wane tana koyon tafireta, matar wane tana karatun jinya, shi tasa tana gida. "Madalla. Ai haka ake so, mace ta waye."

Ya sa hannu yadda yake sa wa fayil a ofis, idonsa a wani wurin. Bai tambayi me za a koya ba. Ita ma a lokacin ba ta sani ba.

Ajin da Kaneng ta kai ta na wata Baturkiya ce, Madam Nermin, gajeriya mai jiki, sigari a hannu ɗaya, sanda a ɗayan. Mata goma sha biyu ne a ɗakin, duk ba takalmi, kowacce ta ɗaura gyale a ƙugu. Akwai tsofaffin Turawa da suka yi ritaya, da wata mai aiki a ɗakin karatu, da wasu 'yan Jamaika biyu ya da ƙanwa. Aka ɗora faifai a garmaho, ganga ta tashi, matan nan suka fara karkaɗa ƙugu da ciki. Rawar Larabawa ce, wadda ake ce wa rawar ciki. Luba ta ja mayafi ta rufe baki, ta nemi ƙofa. Kaneng ta riƙe ta, ta ce, "Duk mata ne. Wa zai gan ki? Tsaya baya kawai."

Ta tsaya baya. Amma jiki bai san kunya ba in ya ji abin da ya sani. Tun tana yarinya a Gwale, in ana gaɗa a dandali, ita ake sawa tsakiya, har manyan mata kan leƙo ta kan katanga. Shekara goma sha biyu rabonta da wannan. Kafin faifan ya ƙare, ƙugunta ya kama kiɗan da kansa. Madam Nermin ta ɗage allurar garmaho, ɗakin ya yi tsit, ta nuna ta da sanda. Ta tambayi sunanta, ta maimaita shi daidai, ta jawo ta gaba ta ce sauran su kalla su koya.

Ranar nan Luba ta koma gida tana ta murmushi ita kaɗai a cikin bas kamar wata sabon kamu. Tun da ta zo ƙasar nan ba wanda ya ce mata ta iya komai. Daga nan Talata da Alhamis suka zama kwanakinta. Ta yi ƙiba, ta fara jin Turanci, ta ɗinka wa kanta doguwar riga kore shar, ta jera wa gyalenta ƙananan ƙarafuna masu ƙara. Kaneng kuwa wata tara ana fama, ƙugunta kamar an zuba masa siminti, ita ma ta sani, tana yi tana dariya. Da shekara ta zo ƙarewa, Madam Nermin ta ce za a yi wasa a babban zauren makaranta, kowacce ta gayyato 'yan gidansu, kuma Luba ce za ta rufe taro ita kaɗai, minti shida cur. A duk birnin London, minti shidan nan ne kaɗai abin da Luba za ta iya cewa nata ne.

Shirinta mai sauƙi ne: ba za ta gayyaci kowa ba. Ranar Asabar ce da rana, Malam yakan tafi Oxford Street raka baƙi sayayya. Ta ninke takardar gayyatar ta tura ƙarƙashin gwangwanin sukari. Mutumin da bai taɓa haɗa wa kansa shayi ba, ranar nan Allah ya nufe shi da neman sukari.

Takardar ta makaranta ce gaba ɗaya. A sama an rubuta bikin ƙarshen shekara, za a raba takardun shaida, a ƙasa da ƙananan baƙaƙe an jera abin da kowane aji zai nuna. Malam Zailani ba ya karanta ƙananan baƙaƙe, wannan aikin akawu ne.

"Luba, ashe sauke karatu za ki yi, shi ne kika yi shiru?" Bakinsa har kunne. "Ai dole a yi walima. Kin san wa ke gari? Alhaji Lawal."

Alhaji Lawal shi ne Babban Sakataren ma'aikatarsu, wanda ƙarin girman Zailani ke aljihunsa. Ya zo London a duba lafiyarsa, abin da ya ɗauki likita rabin sa'a, ya bar wa Alhaji mako uku na zagaya kantuna shi da matarsa Hajiya Khadijatu.

"Malam, ba fa irin karatun da kake zato ba ne."

"Karatu duk karatu ne. Ke dai ba ki san darajar abin da kika yi ba."

To, ta yaya mace za ta dubi idon mijinta ta ce masa wata tara tana koyon kaɗa ƙugu? Ba a yi bakin da zai furta wannan ba a gidan da Luba ta tashi. Ta sake gwadawa washegari, ta ce ta ji kamar an yi cancel. Ya ce ƙarya suke, shi ya riga ya yi booking na mota, ya kai katin gayyata wajen bugawa, in sun isa su fasa. Katin ya fito da ruwan zinare: Malam Zailani da iyalansa na farin cikin gayyatar ku walimar kammala karatun uwargida. Ya bi ɗaliban Arewa gida-gida har Woolwich. Ya ja ta suka je otal gaishe da Alhaji, inda Hajiya Khadijatu ta rungume ta, ta ce, "Kin fitar da mu kunya, ƙanwata," ta ba ta tsarabar lalle ɗan gida, ta ce lallai a yi ƙunshi na fita taro.

Kaneng ta ce, "Ki gaya masa ƙiri-ƙiri. Ko ni in hau in gaya masa."

"Kada ki soma. In ya sani zai hana ni."

"In bai sani ba fa?"

Abin da Luba take tsoro ta san shi sarai. Mutum ashirin daga gida, kowanne yana rubuta wasiƙa. Kafin wata ya zagayo labari ya isa Gwale, ya isa kunnen surukarta wadda ke riƙe da 'ya'yanta. In kuma ta kwanta ta ce zazzaɓi, ta koma bakin taga ke nan, kamar ba a yi komai ba. Kwana biyu tana suya da dafuwa, dambun nama da alkaki da dafa-duka na walimar tonon asirinta. Ranar Alhamis ta kwaɓa lallen Hajiya ta ƙunshe ƙafa har idon sawu, ya kama jawur. Har aka wayi gari Asabar ba ta yanke shawara ba.

Bazarar shekarar an yi zafin da Turawa suka ce ba su taɓa gani ba, zauren makarantar kuwa tagoginsa ba sa buɗuwa. Ɗaliban Madam Nermin suna ɗakin baya suna shiri. Luba ta leƙa ta tsagar labule. Iyalan Turawa sun zauna 'yan biyu-biyu, wasu da furanni a hannu. Sai ga ayarin Malam Zailani ya shigo: manyan riguna goma sha huɗu suna shan sitati, mata shida da gwaggwaro, tukwane huɗu a bayansu. Suka mamaye layi biyu na gaba, aka zaunar da Alhaji Lawal a tsakiya. Ajin girki ya nuna kek ɗinsa, ajin tafireta ya karɓi takarda, aka tafa. Da aka ce saura aji na ƙarshe, Zailani ya miƙe ya je ya yi magana da mai gabatarwa, ya ce a al'adarsu ba a fara abu sai da addu'a. Baturen nan ya ji kalmar al'ada, ya miƙa lasifika da hannu biyu.

Malam Nata'ala, mai neman digirin dakta a Larabci, wanda yake ja musu salla ranar Juma'a, ya hau. Ya yi minti goma yana bayanin falalar ilimin mace. Ya roƙi Allah ya sa abin da aka koya ya amfani al'umma, ya sa a koma gida a koyar da na baya. Turawa suka sunkuyar da kai cikin ladabi. A bayan labule Madam Nermin ta ɓoye sigarinta a bayanta, ta ce amin da ƙarfi, ta ɗora faifai.

Mata shida na farko suka fito, tsofaffin nan ne, ciki a waje, gyale na ƙara.

Luba ba ta taɓa ganin mutane ashirin sun daskare lokaci ɗaya ba sai ranar. Malam Nata'ala bai gama shafa addu'a ba, hannunsa ya tsaya a gemu. Matan suka ja gyale suka rufe baki. Zailani kuwa gumi ya keto masa, ya dubi dandamali, ya dubi katin da ke hannunsa, sai yanzu ya zaro takardar makaranta daga aljihu ya karanta ƙananan baƙaƙen. Kowa yana so ya tashi, amma ba a tashi kafin Babban Sakatare. Duk idanu suka koma kan Alhaji Lawal.

Alhaji bai tashi ba. Fuskarsa a murtuke, kamar mai sauraron kasafin ma'aikata, amma Luba daga inda take tana hango ƙafarsa ta dama. Ƙafar nan tana bin gangar daidai, har inda kiɗan kan tsaya ya ɗan numfasa ita ma sai ta tsaya. Wannan ba ƙafar baƙo ba ce. Ba a banza gwamnati take tura shi taro Alƙahira sau uku a shekara ba. Da aka kai rabin waƙa ta biyu, Alhaji ya yi gyaran murya ya ce wa na kusa da shi, yadda kowa zai ji, "Ai wannan al'adar 'yan'uwanmu Larabawa ce, tsohon tarihi ne." Shi ke nan, an ba da fatawa. Kafaɗu suka saki. Can sai ga Alhaji ya miƙe, ya gyara riga, ya taka zuwa dandamali, ya manna wa wata tsohuwa mai shekara sittin da biyar takardar fam a goshi. Matar nan, wadda ta yi shekara talatin tana raba abinci a firamare, ba a taɓa yi mata liƙi ba. Ta tsaya cak, ta ɗauka gyara za a yi mata, sannan ta yi ja har wuya ta ci gaba da ƙarfinta. Tunda Babban Sakatare ya yi, dole na ƙasa su bi, aka yi layi bisa girman matsayi. Turawa suka yi ta tafi, sun ga al'ada.

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin baya. Kaneng ta buɗe kaɗan ta tare da jikinta. Luba tana bayan ƙofar, tana jin komai.

"Sista, wannan wane irin abu ne kuka yi min?" Muryar Zailani ce. "To ba lokacin magana ba ne. Ki gaya mata kada ta kuskura ta fito. Na riga na gaya musu a sashen ɗinki take, ita ta ɗinka musu kayan. Ta zauna nan sai an kira takarda."

"Tana nan. Ko za ka gaya mata da kanka?"

"Ba ni da lokaci, na bar Alhaji shi kaɗai."

Ta ji takunsa yana komawa da sauri. Bai tambayi ko ta iya ba. Bai tambayi me ya sa ba. Ko faɗa bai tsaya ya yi mata ba. Ran Luba ya ɓaci irin ɓacin da ba ta san tana da shi ba, kuma a nan ne ta yanke shawarar da ta gagare ta mako biyu.

Madam Nermin ba ta jin Hausa, amma ta yi aure sau biyu, ba ta buƙaci tafinta ba. Ta buɗe wani kwali ta zaro siririn mayafin rufe fuska, wanda ɗalibai suka ƙi sawa saboda zafi. Ta ɗaura wa Luba daga hanci zuwa ƙasa, ta rufe mata gashi da ɗankwali, ta rambaɗa mata kwalli har idon ya zama ba nata ba. Ta ce wa mai gabatarwa kada ya kira suna. Sannan ta buga sandarta a ƙasa, ta nuna takalmin Luba. A ajin nan ba a rawa da takalmi, ko Sarauniya ce.

Ganga ta tashi ita kaɗai, ba sarewa, ba goge. Luba ta fito cikin koren kayanta.

Sai kiɗan ya shiga inda ya saba shiga, ta manta da layin gaba. Ƙugu ya ɗauki bugun ganga ɗaya bayan ɗaya, kafaɗa ta amsa, ƙarafunan gyalenta suka yi ta magana. Zauren ya yi tsit, irin shirun da ba na kunya ba. Ta ji daɗin da rabonta da shi tun dandalin Gwale, har hawaye ya so ɓata mata kwalli.

Alhaji Lawal, wanda ya san rawa in ya gan ta, ya fara miƙewa, hannu a aljihu. Da yake dattijo ne, kafin ya taka sai ya ɗan yi ƙasa da ido don mutunci. Idonsa ya sauka kan ƙafafun mai rawa. Ƙunshi ne jawur har idon sawu, irin wanda ba a yinsa a Jamaika, ba a yinsa a Istanbul, kuma da lallen da ya zo a cikin akwatin matarsa. Ya koma ya zauna a hankali, ya zaro carbi. Na kusa da shi ya bi inda idon Alhaji ya bi, shi ma ya gani. Haka abin ya bi layi, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi ƙasa da kai, ya ga ƙafa, ya ƙara yin ƙasa da kai. Luba tana juyi tana kallonsu. Ta san sun gane, ta kuma san irin mutanen da ta fito cikinsu: abin da aka gani a ƙafa ba a gani ba, ba mai faɗa, ba mai rubutawa, don duk wanda ya ce ya gani sai ya faɗi inda yake zaune da abin da ya manna wa tsohuwa a goshi.

Mutum ɗaya ne bai yi ƙasa da ido ba. Malam Zailani bakinsa a ɗan buɗe, idonsa a kan ƙugu, ko ƙiftawa ba ya yi. Ya lura Alhaji ya zauna, ya ɗauka gajiya ce. A matsayinsa na mai gayya, ba zai bari a ce an yi wa tsofaffi liƙi an bar gwanar ba. Ya miƙe. Malam Nata'ala ya kai hannu zai kama masa riga, ya fasa, don in ka riƙe shi sai ka faɗi dalili. Mutum goma sha tara suna kallon takalmansu, Zailani ya taka zuwa dandamali yana murmushi.

Ya tsaya gabanta, kusa har tana jin ƙamshin turaren da ta fesa wa rigarsa da safe. Mako biyu tana addu'ar kada a gane ta. Yanzu ta rage rawar, ta ɗago ido ta zuba a cikin nasa, ta ƙi kawarwa. Wallahi a lokacin nan da ya fizge mayafin ya daka mata tsawa a gaban kowa, da ta gode masa. Shekara goma sha biyu suna kwana ɗaki ɗaya.

Ya manna mata takardar fam a goshi, ya danna da babban yatsa don ta zauna. Ya ce, "Very good, madam. Very, very good."

Ya juya ya koma kujerarsa yana gyara hannun riga. Saura minti biyu a faifan, Luba ta cika su. Madam Nermin ta ce daga baya ba ta taɓa ganin ɗaliba ta yi irin ƙarshen nan ba, kamar mai dukan wani. Turawa suka miƙe tsaye suna tafi. Layi biyu na gaba suka tafa a zaune, a hankali, ban da mutum ɗaya da ya fi kowa ƙarfin hannu.

Da aka zo raba takardu ta fito cikin atamfa da gyale da takalmi rufaffe, fuska a wanke. Aka kira sunanta, ta karɓa, ta rusuna. Zailani ya amshi takardar ya ninke biyu ya sa a aljihu. Aka buɗe tukwane a tsakar makaranta, Turawa suka yi ta hawaye da yajin dambu suna ƙari. Mazan suka zo ɗaya-ɗaya suna cewa, "Uwargida, sannu da ƙoƙari, ɗinki ya yi kyau," kowanne yana magana da bango. Hajiya Khadijatu ta jawo ta gefe kamar za ta gyara mata ɗankwali, ta ce a kunnenta, "Lallen ya kama, ƙanwata. Ranar Talata ƙarfe nawa kuke farawa? Muna nan har ƙarshen wata." Alhaji Lawal kuwa da zai shiga mota ya daɗe riƙe da hannun Zailani yana kallonsa, kamar likita da mara lafiya, sannan ya ce, "Allah ya kyauta," ya shige.

Motar haya ta tafi da baƙi, su biyu suka hau bas da tukwanen da ba komai a ciki. Rana ba ta faɗi ba tukuna. Suka zauna a sama, Luba ta jikin taga, jakarta a cinya. Zailani sai fara'a yake.

"Kin ga amfanin ilimi? Da wani ne da yau ya tozarta. Nan take na ce ɗinki, kowa ya yarda. Ke ma kin kyauta da kika ji magana, shi ya sa ba zan yi faɗa ba. Amma daga yau an rufe zancen kwaleji."

"To, Malam."

Har suka wuce tasha biyu yana buga yatsa a murfin tukunya, yana neman kiɗan nan bai samu ba.

"Amma fa ta ƙarshen nan, mai koren kaya. Kai, Allah ya yi halitta. 'Yar Jamaika ce ko? Wata tara kuna aji ɗaya, ko tafiyarta ba ki ɗauko ba." Ya yi 'yar dariya don a san wasa yake. "Tana da aure kuwa? Don dai sani."

"Tana da shi."

"Ya zo wajen?"

Luba ta dubi titi.

"Bai zo ba."

Malam Zailani ya yi tsaki, ya girgiza kai. "Mace kamar wannan, a ce mijinta ko ya zo ya gan ta. Sakarai ne."

Luba, wadda ba a san ta da yi wa miji musu ba, ta ce haka ne.